Raba Aikin Kiwon Lafiya Bisa Ga Bukata: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malaman ofisoshinsu, gama su ne su ke tsaye tsakanin Gwamnati da talakawa. Abin da ya ƙunsa shi ne bayanin dalilin da ya sa cuta ta fi yi wa waɗansu mutane ɓarna bisa waɗansu, alhali kuwa ƙasarsu ɗaya, sarkinsu ɗaya. Har wa yau za a nuna yadda tsari mai kyau ya kan rage wannan bambanci, da kuma rabon aikin da ya faɗo wa hakimi da malaminsa a cikin sha'anin.

Cuta Ba Ta Faɗa Wa Mutane Daidai

Rai da ajali a hannun Allah su ke, babu mai musun wannan. Amma duk wanda ya daɗe yana riƙon ƙasa ya lura da abu guda: akwai unguwannin da a kan daɗe ba a kai yaro makabarta ba, akwai kuma ƙauyukan da kowace damina sai an yi ta zaman makoki. Ruwa ba ya tsami banza.

Ƙididdiga ta tabbatar da abin da ido ya gani. A shekarar 2018 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Nijeriya ta bi gidaje a dukan jihohi, ta tambayi mata labarin haihuwarsu. Aka samu cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba su kai shekara biyar. To, wannan jimlar ƙasa duka ke nan. Da aka rarraba lissafin, sai ga shi a birane yara 92 ne, a ƙauyuka kuwa 157. A gidajen da suka fi wadata 53 ne, a gidajen da suka fi talauci 173. A yankin Kudu maso Yamma 62 ne, a Arewa maso Yamma 187. Inda uwa ta wuce sakandare 56 ne, inda ba ta shiga makarantar boko ba ko kaɗan 170. Watau ɗan matalauci ya ninka ɗan mawadaci sau uku wajen shiga haɗarin mutuwa tun yana ƙarami.

Abin Da Ya Ke Kawo Bambancin

Dalilan sun kai huɗu, kuma kowane yana ƙarfafa ɗan'uwansa.

Na fari shi ne nisa. Mutumin da ɗakin shan magani ya ke ƙofar gidansa ya kan kai yaro tun ranar da zazzaɓi ya fara. Wanda sai ya yi tafiyar rabin yini, ya ƙetare rafi, ya kan jinkirta ya ga abin da hali zai yi. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya jiran kowa, yana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu bayan ya tsananta. Haka kuma mace mai naƙuda idan jini ya ɓalle mata, sa'o'i kaɗan ne tsakaninta da halaka.

Na biyu ruwan sha da tsabta. Gudawa da amai, da taifot, da tsargiya, duk daga ruwa maras kyau su ke. Mai shan ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ya tsira daga yawancinsu ba tare da ya san ya tsira ba. Mai shan tafki tare da shanu kuwa, ko an ba shi magani ya warke, gobe can zai koma.

Na uku kuɗi. Ciwo ya fi yawa da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, aikin gona kuma ya tsaya a wuya. Magidanci sai ya sayar da akuya ko ya ci bashi kafin ya sayi magani. In ya kwanta da kansa gonarsa ta lalace, baɗi talaucinsa ya ƙaru, yaransa su rame, ciwo kuma ya fi saurin kama ramammen yaro. Da haka talauci ya ke haifar cuta, cuta ta haifi talauci.

Na huɗu sani. Uwar da ta san alamun ciwo mai haɗari, ta san haɗa ruwan gishiri da sukari, ta san ranar rigakafi, ta riga ta ba ɗanta kariya babba ba da ko kwabo ba.

Bayan waɗannan akwai wani abu da ya ke aukuwa ko da ba wanda ya nufa. Idan aka bar al'amura su tafi yadda suka ga dama, sabon asibiti ya kan faɗa inda hanya ta ke da kyau, ma'aikaci ya kan nemi a bar shi inda akwai lantarki da makarantar yara, mai kantin magani ya kan buɗe inda masu saye su ke. Wani likita a ƙasar Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya bayyana wannan a 1971, ya nuna cewa kyakkyawan aikin likita ya fi ƙaranci a wuraren da aka fi bukatarsa. Tun da ya ke haka ne, ba a gyara abin sai da niyya da shiri.

Ma'anar Tsari

Tsari shi ne a zauna tun kafin a kashe kuɗi, a amsa tambayoyi huɗu. Mutane nawa ne, kuma ina su ke zaune? Wace cuta ce ta ke damunsu, a wane wata? Me a ke da shi na ma'aikata da gine-gine da kuɗi? Sa'an nan, a ina za a sa abin da a ke da shi domin ya ceci rayuka mafi yawa?

A nan ya kamata a rarrabe tsakanin rabo daidai da rabo bisa bukata. In an ba kowace gunduma rijiya biyu, an raba daidai, amma gundumar da ta ke da famfo ta sami ƙari a kan wadata, wadda ta ke shan tafki kuwa biyu ba su kashe mata ƙishirwa ba. Uba mai adalci ba ya raba magani daidai tsakanin ɗansa mai lafiya da wanda ya ke kwance. Ga misalai uku daga ƙasar nan da su ke nuna yadda abin ya ke.

Aikin Ancau

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi tsanani a Lardin Zazzau, musamman ƙasar Ancau, wadda yanzu ta ke cikin Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Ƙudan tsando ne ya ke ɗaukar cutar. Irin wanda ya ke can ba ya rayuwa sai a inuwar kurmin bakin rafi, da rani kuma ya kan taru a 'yan wuraren da ruwa ya rage, watau daidai inda mata su ke ɗiban ruwa, yara su ke wanka. Masu allura su kan zo su yi wa mutane magani, amma da sun juya baya sai cutar ta komo, domin ƙudan yana nan.

A wajen 1937 aka sami fam 95,000 na shekara biyar domin yaƙi da ciwon barci, aka tsara aikin Ancau, wanda wani masanin ƙwari, Dokta T. A. M. Nash, ya shugabanta. Aka zaɓi wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin mil 10. Aka sassare ƙananan itatuwa da sarƙaƙiyar bakin rafuka, aka bar manyan itatuwa masu tsawo. Aka kuma lissafta cewa sai an sami wajen mutum 70 a kowane murabba'in mil kafin su iya riƙe sharar rafukansu kowace shekara. Saboda haka aka taso mutane kimanin 5,000 daga ƙananan ƙauyuka da su ke warwatse, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka, bayan an auna ƙasar noma an haƙa rijiyoyin siminti. Kusa da tsohon garin Ancau, wanda ya cushe ƙwarai, aka gina sabon gari mai faffaɗan tituna, aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon barci ya ja baya sosai a wannan yanki.

Darasi na fari a nan shi ne ba allura kaɗai ta yi aikin ba. An haɗa ruwa, da noma, da wurin zama, da magani a cikin shiri guda. Amma akwai darasi na biyu mai ɗaci. Wani masani Ba'amurke, Horace Miner, ya zauna a Ancau bayan an yi shekara ashirin da fara aikin, ya kuma bayyana abin da ya gani a 1960. Ya tarar yawancin mutane, har da masu sarauta, ba su yarda ƙuda ne ya ke kawo ciwon barci ba. Suna sharar rafi ne domin an ba da umurni, inda tilas ta yi sauƙi kuwa sai sharar ta tsaya. Aikin da aka ɗora wa mutane ba su fahimci dalilinsa ba, ranar da mai tilastawa ya tafi ranar ya ke fara mutuwa.

Kawar Da Kurkunu

Kurkunu ciwon matalauta ne tsantsa, gama ba ya kama mai shan ruwa mai tsabta. Mutum ya kan sha ƙwayayensa a ruwan tafki, bayan kamar shekara guda tsutsar ta ɓullo masa, yawanci a ƙafa. A ƙasashen Arewa ta kan fito da damina, ta kwantar da manomi makonni a tsakiyar noma. Ba shi da maganin sha, ba shi da rigakafi.

A 1988 aka fara bin Nijeriya ƙauye ƙauye ana ƙirga masu shi. Aka sami mutum fiye da 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000. Wannan ƙirga ita ce tushen nasara, domin ta nuna ainihin inda za a kai ƙarfi. A kowane ƙauyen da cutar ta ke aka zaɓi mutumin wurin, aka koya masa aiki, ya riƙa rubuta waɗanda suka kamu yana aika rahoto kowane wata. Aka raba ƙyallen tace ruwa, aka hana mai tsutsa shiga tafki, aka zuba magani a tafkuna, aka sa waɗannan ƙauyuka a gaba wajen haƙa rijiyoyi. Cibiyar tsohon Shugaban Amurka Jimmy Carter ta taimaka, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zagaya ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi. Mutum na ƙarshe da aka samu da kurkunu a Nijeriya a watan Nuwamba 2008 ne, a Jihar Inugu. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar ƙasar ta rabu da shi.

Shan Inna Da Sarakuna

A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a waɗansu jihohin Arewa, ba a koma ba a Kano sai 2004. Cutar ta yaɗu, yara da yawa suka shanye. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Daga nan aikin ya bi ta hannun sarakuna zuwa hakimai, da dagatai, da masu unguwanni. Aka rubuta sunan kowane ƙauye da tunga da rugar Fulani, aka zana taswira, sai ga wurare da dama waɗanda masu rigakafi ba su taɓa takawa ba, domin ba su cikin takardar kowa. An ga ƙwayar shan inna ta daji ta ƙarshe a Jihar Barno a 2016, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida nahiyar Afirka ta rabu da ita. Abin lura shi ne cutar ta fi daɗewa ne a wuraren da aka manta da su.

Inda Kuɗin Ya Ke Fitowa

Zamanin En'e, ɗakunan shan magani na ƙauye a hannunta su ke, daga baitulmalinta a ke biyan ma'aikatansu. Bayan gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976 wannan nauyi ya bar hannun masarautu. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma Ata, suka amince cewa kiwon lafiya na matakin farko, kusa da gidajen mutane, shi ne ginshiƙi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya fara gwada wannan a ƙananan hukumomi 52 a 1986.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba. Dokar ta ware rabin asusun domin biya wa mutane kuɗin magani na yau da kullum, kashi 20 domin sayen magunguna da rigakafi, kashi 15 domin gyaran gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 domin ma'aikata, kashi 5 domin taimakon gaggawa. An fara sa kuɗin a kasafin 2018. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami ɗakin shan magani aƙalla guda mai aiki sosai. Ya kamata hakimi ya san wanda aka zaɓa a kowace mazaɓar ƙasarsa, ya kuma san ko kuɗin yana isa gare shi.

Misalin Zaɓen Wuri

A ƙaddara wata gunduma ce aka ba ta sabon ɗakin haihuwa guda ɗaya. Garin hakimi yana bakin kwalta, yana da ɗakin shan magani, babban asibiti kuma tafiyar rabin sa'a ne a mota. A ƙetaren kogi akwai ƙauyuka goma sha biyu, waɗanda in ruwa ya cika sai a yi wata uku mota ba ta shiga. Manyan gari za su so a yi ginin a gari, hujjarsu kuwa ita ce nan ne mutane suka fi yawa, nan ne baƙi za su gani. Amma matar gari in haihuwa ta yi gardama tana da mafita, matar ƙetare ba ta da ita. Ginin in an yi shi a gari zai rage wa mata wahala, in an yi shi a ƙetare zai hana mutuwa.

Sai dai gini kaɗai ba ya karɓar haihuwa. Kafin a aza tubali sai a tambaya: ina ungozoma za ta kwana, ina ruwa, wa zai kawo magani da damina? Akwai gine-gine da yawa a ƙauyuka da suka zama makwancin awaki domin ba a yi waɗannan tambayoyi ba. Hanya mafi tabbas ita ce a nemi 'yar wurin wadda ta gama sakandare, a taimaka mata ta shiga makarantar ungozoma, gama wadda danginta su ke nan ba ta neman canjin wurin aiki.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Ko da ya ke baitulmali ba ya hannun hakimi yanzu, yana da abin da masu tsari a hedkwata ba su da shi, watau sanin ƙasa da jin maganar talakawa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ga abubuwan da a ke bukata:

1. Malami ya riƙe littafin da ya ƙunshi sunan kowane ƙauye, da tunga, da ruga, komai ƙanƙantarsu, da kimanin yawan gidaje. A sabunta shi kowace shekara bayan kaka, a sa har da baƙi da waɗanda rashin zaman lafiya ya koro daga garuruwansu.

2. A gaban kowane suna a rubuta nisansa da ɗakin shan magani mafi kusa, da irin ruwan da a ke sha, da watannin da hanya ta ke yankewa. Duk wurin da ya wuce tafiyar sa'a guda a ƙasa, watau kamar mil 3, a yi masa alama.

3. Masu unguwanni su riƙa kawo labarin haihuwa da mutuwa, musamman mutuwar ƙananan yara da ta mata wajen haihuwa. Malami ya rubuta gaskiya. Rage lissafi domin kada a ga laifin gunduma zalunci ne ga talakawanta, domin wurin da takarda ta nuna lafiya lau ba a aika masa taimako.

4. In an ga mutane da yawa sun kamu da ciwo iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, kamar amai da gudawa, ko sanƙarau, ko ƙyanda, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, kada a jira rahoton wata.

5. Lokacin rabon maganin rigakafin zazzaɓi da a ke ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata da damina, da lokacin sauran rigakafi, hakimi ya tabbata an fara da wurare masu nisa tun ma'aikata ba su gaji ba, kaya ba su ƙare ba.

6. Kowane ƙauye ya shirya tun da wuri da wani direba ko mai babur wanda za a tasa ko da tsakar dare, a kuma ajiye 'yan kuɗin mai a hannun amintacce. Magidanta su bar izini a gida, cewa in naƙuda ta zo ba su nan a tafi asibiti ba sai an jira su ba.

7. Kafin a fara kowane sabon aiki a tara dagatai, da limamai, da shugabannin mata, a bayyana musu dalilinsa har su gamsu. A tuna da abin da ya faru a Ancau.

8. In hakimi zai kai kuka wurin ƙaramar hukuma ko hukumar lafiya ta jiha, ya tafi da littafin malaminsa. Wanda ya ce mutanensa suna wahala, za a ba shi haƙuri. Wanda ya nuna sunayen ƙauyuka da nisansu da yawan waɗanda suka rasu, da wuya a sallame shi hannu wofi.

Kammalawa

Ciwon barci ya ja baya a Ancau, kurkunu ya ƙare, shan inna na daji ya ƙare. Ko wane ɗayansu an ci nasararsa ne bayan an ƙirga mutane, an gano waɗanda aka bari a baya, an kai musu aiki har inda su ke. Zazzaɓi, da gudawa, da mutuwar mata wajen haihuwa su ma suna da wuraren da suka fi yi wa ɓarna, kuma kowane hakimi ya san nasa. Talakan da ya ke ƙarshen iyakar gunduma ba ya zuwa taro, ba ya rubuta takarda, ba shi da wanda zai yi magana dominsa sai hakiminsa. Kowane shugaba kuwa abin tambaya ne a kan waɗanda aka ba shi kiwo. Allah ya ba sarakuna da hakimai ikon riƙe wannan amana, ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya, amin.